Goma Sha Uku Ba Ta Rabuwa

Gidan Marke, ta Ɗambatta
Fabrairu, 1985

Zuwa ga taubashina Malam Kamilu, malamin lissafi a garin Lafiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Zulaihatu da yara, da fatan kowa yana kan ƙafarsa. Mu nan da sauƙi. Inna Furera, uwar marigayi maigidana, ƙafafu ne dai sai a hankali, amma bakin nan nata yana nan daram.

Kada ka yi mamakin ganin takardata. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, in kai ka manta ni ban manta ba. Khalilu direba, mai kawo doya kasuwar Ɗambatta, shi ya ce min kana tambayar halin da muke ciki, wai in gaya maka gaskiya, in kuma gaya maka mu nawa ne a gidan.

To ga gaskiyar. Bara gero yana bununi ruwa ya ɗauke, abin da muka kwaso ko gindin rumbu bai rufe ba. Tun sanyi muka koma ci sau ɗaya. Yanzu dusa ce da yaɗiya, su ma sai an yi sammako, don ka san garin nan gona jikin gona ce, babu dajin da mutum zai shiga ya tsinto wani abu. Akuyoyin sun tafi, jakin ma ya tafi. Basiru ƙanin maigidana ya tafi cirani Kurmi tun kaka, shiru kake ji. Iri kawai na ɓoye a tulu na liƙe bakin da laka, wanda ya taɓa shi sai na ci mutuncinsa.

Sai batun ƙirga. Kai dai boko ya gama da kai! Ana ƙirga mutane kamar awaki? Na yi a'uziyya na ƙirga a zuci. Ni da nawa biyar, Mairo matar Basiru da nata huɗu, sai Inna Furera. Goma sha biyu ke nan.

Wani abu kuma. Kayan ɗakin nan da muka kai Rimin Gado an dawo mana da su, gado da kwalla da komai da komai. Can ɗin ma yunwar ce, maigidan ya bi duniya. Suna ɗakin da ke jikin rumbu. Ka dai gane.

Taubashiyarka,
Barira

*

Lafiya
Maris, 1985

Zuwa ga Yaya Barira,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, sai ƙaramin ne da ke haƙora yana hana kowa sakat. Ki gaida Inna Furera, ki ce mata har yanzu kunnena yana zafi daga murɗar da ta yi min a kan mangwaronta.

Na karanta takardarki a ofis, na kasa shiga aji. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Aiko hatsi ba zai yi ba, albashi sai ya ga dama yake zuwa, kuma buhu kafin ya iso ku an tare shi a hanya sau nawa. Amma nan an yi ruwa, akwai dawa, akwai rogo. Ku taho gaba ɗaya ku zauna har damina ta kankama.

Na zaga dangi. Gida uku muka samu: nawa, da na Alhaji Iliyasu mai doya, ɗan wan babana, da na Gwaggo Asama'u. Da na ga kin rubuta goma sha biyu sai da na yi hamdala. Yaya, ba ki san irin lambar da Allah ya ba ku ba. Goma sha biyu lamba ce mai sauƙin kai. Ki raba ta biyu ta rabu, uku ta rabu, huɗu ta rabu, shida ta rabu, ba ta barin ko ɗaya a ƙasa. In kika tara duk lambobin da ke raba ta, ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida, sai ki sami goma sha shida, sun fi ta yawa. Masana suna kiran irinta lamba mai yalwa, kuma daga ɗaya in kina hawa, ita ce ta farko da ta sami wannan suna. Ki ga ikon Allah, lamba mai yalwa a shekarar yunwa.

Saboda haka huɗu-huɗu ne. Ke da ƙananki uku a gidana. Mairo da nata uku wajen Gwaggo. Inna Furera da manyan yaran uku, biyu naki ɗaya na Mairo, gidan Alhaji. Sai dai ki sani, da ƙyar na shawo kan Alhaji, shi ma iyali sun yi masa yawa. Huɗu-huɗu muka yi da su, ko jariri ba za a ƙara ba.

Batun kayan ɗaki, sun yi dabara da suka kawo ajiya, kada dangin miji su kai su kasuwa. Ke ma kada ki sayar yanzu, a wulaƙance za a saya. In an sami mai zuwa Rimin Gado a gaida min Safara'u, 'yarki ta fari, tunda na san ke ba za ki faɗi sunan ba. A ce ta yi haƙuri, miji zai dawo.

Naki,
Kamilu

*

Gidan Marke
Maris, 1985

Malam Kamilu,

Sallama da gaisuwa. Ƙaramin a shafa masa zuma a dadashi, in kuna da ita. Inna ta ce kunnen ɗaya ta murɗa, ɗayan yana jiran ka.

Na gode, Allah ya saka, Allah ya raya maka zuri'a. Na karanta wa mutanen gida, Mairo har da kuka. Ni kuwa da na zo kan lambarka mai yalwa sai na yi dariya, rabona da dariya tun kafin kaka. Kai tun kana ƙarami haka kake. Ana rabon gyaɗa a zauren Malam babana, kowa yana ci, kai kana jera taka layi-layi a ƙasa har kaji su kwashe.

Gaisuwar da ka aika ta isa, ba ta yi wata tafiya mai nisa ba.

Yanzu ina da tambaya, tunda kai ne malamin. Ka ce goma sha biyu mai sauƙin kai ce. To maƙwabciyarta fa? A ce mutane goma sha uku ne, gida uku, yaya lissafinka zai yi da su? Ka ba ni amsa sosai, kada ka yi min wasa, ina son in sani kafin motar ta zo.

Barira

*

Lafiya
Afrilu, 1985

Yaya Barira,

Gaisuwa mai yawa, duk muna lafiya. Ashe za a yi ranar da za ki tambaye ni lissafi! Na nuna wa Zulaihatu takardar, na ce ta shaida, taubashiyata ta shiga makaranta da tsufanta.

To saurara. Goma sha uku ba ta da halin 'yar'uwarta ko kaɗan. Da farko mara ce, ba cika ba, wato in kika jera ta biyu-biyu sai ɗaya ya tsaya ba abokin tafiya. Amma tara ma mara ce, ita kuwa tana rabuwa uku-uku. Goma sha uku ta wuce nan. Tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sam, irin su biyu, uku, biyar, bakwai da goma sha ɗaya, ita ce ta shida a jerinsu. Babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya, sai kuma ita kanta.

Abin da ke burge ni da ita shi ne taurin kanta iri ɗaya ne kullum. Ki raba ta gida biyu, saura ɗaya. Gida uku, saura ɗaya. Gida huɗu, saura ɗaya. Gida shida ma saura ɗaya. Duk ƙofar da goma sha biyu ta bi ta wuce lafiya, ita sai ta bar mutum ɗaya a waje. Jiya na ba 'yan ajina ita da ƙwallayen dabino, suka yi ta juyawa har aka buga ƙararrawa, kullum ɗaya na nan a gefe yana kallon su.

Don haka amsar tambayarki, da goma sha uku ne da lissafin ya rushe, da sai ɗaya ya rasa wuri. Allah dai ya rufa mana asiri da ba haka ba ne.

Khalilu zai sauke doya ranar kasuwa ta biyu daga yau, ya kwaso ku a dawowa. Kada ku ɗauko tukwane, akwai a nan. Ku ɗauko tabarmi.

Ɗalibin Malam, malaminki,
Kamilu

*

Gidan Marke
Afrilu, 1985

Malam Kamilu,

Sallama. Muna nan yadda ka sani. Na ji amsarka, ta fito sarai, na gode.

Goma sha biyu za su zo maka cif, kamar yadda ka tsara. Lissafinka ba zai rushe ba. Inna ba ta iya cin rogo da safe, yana ɗaure mata ciki. Autana yana tsoron kare, a kula.

Allah ya bar zumunci.

Barira

*

Lafiya
Afrilu, 1985

Barira,

Sallama. Sun iso lafiya. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Na tsaya a bayan mota ina sauke su ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa a fili kamar wawa. Na kai goma sha ɗaya, saura ɗaya. Ina ta leƙen inda za ki fito in tsokane ki, sai ga wata yarinya ta sauko a ƙarshe, ƙashi da fata, ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina wuni." Na ce, "Ke wace ce?" Ta ce, "Safara'u ce." Na ce, "Ina uwarki?" Sai ta rufe fuska da mayafi.

Mairo ce ta ba ni labari. Ashe tun sanyi yarinyar nan tana gidanku. Ashe goyonta ya rasu a Rimin Gado, dangin miji suka sallamo ta da kayanta. Ashe ranar tafiya kin ɗaure kayanki kamar kowa, kin raka su har bakin titi, sai da kowa ya hau kika tura ta ta baya ba tare da kin dube ta ba, kika ce wa Khalilu, "Ga cikon goma sha biyun, ja motarka." Ta ce yarinyar tana ta kiran "Yaya! Yaya!" tunda haka take kiran ki, ke kuwa kin juya kin kama hanyar gida da ƙullinki a ka.

Haba Barira! Haba! Wace irin kunya ce wannan? Na sani uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta sa shi a ƙirgar 'ya'yanta, ba ta roƙa masa komai a gaban mutane. Da wannan aka haife mu. Amma wannan shekarar ta kunya ce? Kalma ɗaya za ki rubuta. Ki ce Kamilu mu goma sha uku ne, shi ke nan.

Ni ma na ɗauko takardunki na sake karantawa, na ga kin faɗa min har sau uku da irin bakinku na mata, ni kuwa ina can ina ƙwallayen dabino. Maganar da na yi cewa ɗaya zai rasa wuri, maganar allo ce da alli. Ban san da mutum nake magana ba. Kin taɓa jin na kori wani daga ƙofata?

Ki hau motar Khalilu a zuwansa na gaba. Ba shawara nake ba ki ba.

Kamilu

*

Lafiya
Yuni, 1985, cikin azumi

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, in akwai abin da kike shan ruwan da shi. Yara lafiya. Autanki ya saba da karen, yanzu karen ne ke gudun sa. Inna Furera kullum sai ta zage ni, ta ce na kwaso kaji na bar uwarsu.

Motar Khalilu ta daɗe a kan dutse don rashin taya, na yi ta zaton shi ya sa ban ji daga gare ki ba. Da ya samu ya je ya dawo, sai ya ce min hannu da hannu ya ba ki takardata. Ya ce kin karanta a tsaye, kin ninke, kin ce masa an yi ruwan shuka, ba ki da lokacin yawo. Ya ce ƙafafunki sun kumbura har ba kya sa takalmi. Ya ce ke kaɗai kike bin gonar bayan gida da sungumi, kina yi kina zama. Na yi miki faɗa a waccan takardar, na san shi ya sa kika yi min shiru. Ki yafe min zafin, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na san abin da ke ranki. Kina ganin in kin zo, a bakin wani za a cire lomar da za a ba ki. To bari in gaya miki abin da aka yi.

Na ce miki babu mai raba goma sha uku sai ɗaya ko ita kanta. Ban tsaya na ji abin da bakina ya faɗa ba. Ma'anarsa hanya biyu ce kawai: ko kowa ya watse shi kaɗai, gida goma sha uku, ko kuwa duk a taru a gida ɗaya. Sai kuma na tuna karatun rabon gado a zauren Malam, mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Asalin rabon goma sha biyu ne. Miji yana da uku, uwa biyu, 'ya'ya takwas. Ki tara, goma sha uku. Na tuna na ɗaga hannu na ce, "Malam, lissafin bai fita ba, wa za a cire?" Ya ce, "Ba a cire magaji. Asalin ake ɗagawa ya koma goma sha uku, kowa a rage masa kaɗan." Shi ne auli. Kina bayan ƙofa a ranar kina tankaɗe, na san kin ji.

Da wannan na je wa Alhaji Iliyasu. Ya yi ta gunaguni, ya ce ni da lissafina mun ishe shi, sannan ya tashi ya ɗauko makullin tsohon gidan da yake ajiye doya. Mun share, mun toshe ramukan ɓeraye. Yanzu duk mutanenki suna can wuri ɗaya. Gida ukun kowa yana aiko awonsa, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Kwano goma sha uku Mairo take jerawa, ba wanda ya ce cikinsa ya ji bambanci.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na rubuto. Kowa ya fara murmurewa ban da Safara'u. Kullum ƙara zubewa take yi. Muka kai ta asibiti, aka ce ba a ga ciwo ba. Sai shekaranjiya Zulaihatu ta je gidan da rana, ta ga tabarma a kan rufin ɗaki. Ta sa aka sauko da ita. Tuwo ne, an yanka shi fala-fala ana shanyawa. Tun ranar da suka zo, abin da aka zuba mata sai ta ɗan taɓa, ta ɓoye sauran ta busar.

Na kira ta na yi faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kawu, ai ba tuwona ba ne. Wurinta na zauna, kwanonta nake ci." Na ce ga kwano na goma sha uku can ana zubawa. Ta ce, "Wannan ai yara ke cinyewa. Ita me ta ci?"

Ƙullin da Khalilu zai miƙa miki tare da wannan takarda, shi ne. Ita ta ɗinke bakin da hannunta. Ta ce kada in ce daga ita ne, ni kuwa na gaji da maganar da ba a faɗa.

Na roƙe ki don Allah da Annabi.

Ƙaninki,
Kamilu

*

Gidan Marke
Yuni, 1985

Kamilu,

Wa alaikumus salam. Ina nan da rai. Ƙafafun ne suka yi nauyi, Khalilu kuma ya cika ƙarin gishiri.

Faɗanka bai dame ni ba, yaushe ka girma da har faɗanka zai hana ni barci? Shirun da na yi, rasa abin faɗa ne. Kuma gaskiya ne na so in ga irin nan ya shiga ƙasa, don in kun dawo da su kaka su tarar da abin da za su kira gida. Na shuke gonar bayan gida duka. Gero ya tsiro, ya yi kunnuwa biyu. Na bar wa maƙwabcinmu Malam Uwaisu noman farko, in Allah ya kawo amfani a raba.

Na kwance ƙullin a tsakar gida. Kamilu, na san yankan nan. Uwata ce take yanka tuwo haka in za ta shanya, sirara, duk girma ɗaya, kuma a hannunta yarinyar ta tashi tun daga yaye. Na ɗauki ɗaya na riƙe a tafin hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo min labarin goyonta, ban yi ba ranar da motar ta tashi. Babu kowa a gidan, don haka na yi shi da ƙarfi.

Ni na ɗauka na ba ta wuri ne ta rayu. Ashe zama ta yi tana mayar min da shi loma-loma. Wannan taurin kai ban san inda ta samo shi ba, kuma kada ka kuskura ka ba ni amsa.

Kun ce kunya. Shekara ashirin ban kira ta ba, ban zauna tabarma ɗaya da ita ba, in ta shigo ɗaki sai in sami abin yi a waje. Haka aka yi min, haka na yi. Amma babu daren da na kwanta ban san inda take ba, ko ta ci ko ba ta ci ba. Ina son yarinyar nan fiye da yadda bakina zai iya ɗauka.

Khalilu zai wuce Kazaure ya sauke sauran kaya, ya ce jibi zai biyo ta nan. Na ba wa wani mai motar gyaɗa wannan takarda don ta riga ni isa. Zan hau. Ka ce wa Alhaji na gode, ka ce wa Inna ta rage zagin ka, ta bar min kasona.

Da takardar nan ta shiga hannunka, kada ka tsaya cire takalmi. Ka je gidan, ka sa Mairo ta zuba tuwo da miya, mai zafi, kwano cike. Ka zauna a gabanta har sai ta cinye. In ta ƙi, ka nuna mata wannan layin, ta san rubutuna.

Safara'u, ki ci abincinki. Ni ce uwarki na ce ki ci. Ina hanya.

Barira